Gwiwar Inna da Yashin Norfolk

Aikina ke nan a asibiti, tayar da mutane daga gado. Ni nas ce a ɓangaren ƙashi, shekara da shekaru ina lallashin tsofaffin Turawa su sauke ƙafa ƙasa washegarin da aka yi musu aiki. Wani ya zage ni, wata ta yi min kuka, amma a ƙarshe duk sukan tashi. Sai ga shi uwar da ta haife ni ta gagare ni.

Mun ɗauko Inna daga Kano ne saboda gwiwarta ta dama da ta cinye. Aka yi aiki, aka sa mata ta ƙarfe, komai ya tafi lafiya lau. Abin da ya rage nata ne: ta taka, ta lanƙwasa, kullum, da zafi ko ba zafi. Gwiwar da aka yi wa irin wannan aiki ba ta jiran kowa. In aka bar ta a miƙe a watannin farko sai ta sandare, in kuwa ta sandare, mutum da kujera sai abin da hali ya yi. Na san wannan kamar yunwar cikina, don na ga waɗanda abin ya faru da su. Inna kuwa ta dawo flat ɗinmu na unguwar Plumstead a Landan, ta zauna a kujerar falo, ta ɗora ƙafar a kan tumtum, ta ce a nan za ta warke.

Kada a ce raguwa ce. Matar da ta yi shekaru tana saro atamfa tana rabawa gida-gida da ƙafarta ba za a kira ta raguwa ba. Mace ce da in ta shigo gidan biki sai an buɗa mata hanya, tafiyarta kaɗai abin kallo ce. Abin da ba za ta iya ba shi ne a gan ta tana jan ƙafa, tana dogara wannan ƙarfe mai ƙafa huɗu da asibiti suka ba mu. Keken koyon tafiya take ce masa. A cikin gida ga suruki, wato maigidana, ba za ta yi tangaɗi a gabansa ba ko da wuƙa a wuya. Ga 'yan dubiya daga Lewisham, daga Abbey Wood, wannan ta fita waccan ta shigo, ita kuma ta ci kwalliya ta hakimce tana amsa gaisuwa. In na ce to mu fita waje ko bakin titi ne, sai ta harare ni.

"Ke, a garin nan da kowa waya ce a hannunsa? Kafin in kai ƙofa hotona ya isa group ɗin dangi. A ce ga Hajiya can a Landan ta koma rarrafe. Allah ya kiyaye."

Mai physio, wato mai koyar da motsa gaɓɓai, ta zo ta nuna mata yadda za ta riƙa yi, Inna ta yi mata murmushi ta ce tankiyu, tana fita ta mayar da ƙafa kan tumtum. Ni kuma duk safiya ina taɓa gwiwar ina jin yadda take ƙara tauri a hannuna. Tsoro ya kama ni sosai, fushi ya bi bayansa.

Wata abokiyar aikina ce ta ba ni labarin gaɓar tekun Norfolk, inda ta ce mutum zai yi ta tafiya bai haɗu da kowa ba sai tsuntsaye. Ita da mijinta sukan je a campervan, irin motar nan mai gado da murhu da bayi duk a cikinta. Tana magana ina lissafi a raina: ba suruki, ba 'yan dubiya, ba otal balle a ce za a haɗu da mutane a lifta. A ranar na nemi hutuna, na yi booking ɗin motar. Maigidana ya dube ni kamar na sha wani abu.

"Mutum da gidansa ya tafi ya kwana a mota kamar direban tirela? Kin ma taɓa tuƙa abu mai girma haka?"

Na ce ban taɓa ba, zan fara. Ya ce in Inna ta ƙi fa? Na ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan nan a wajenta na sha shi a nono, sai mu gani.

Ba ta ƙi ba, don na ce mata canjin iska ne, ta kuma gaji da bangon falon. Amma ta ce min, "Na san abin da kike ƙullawa, ba jiya aka haife ni ba." Ranar tafiya maigidana ya loda kaya, sannan ya ƙirƙiri mantuwa ya koma sama, don ta samu ta hau motar ba idonsa. Da ƙyar da jiɓin goshi na tura ta ciki. Ta zauna ta ƙare wa wurin kallo, ta ce wannan ai akurki ne. Da ta gano cewa 'yar ƙofar da ke jikin murhu ta bayi ce, sai ta tafa hannu.

"Bayi a jikin tukunya? Kai, mutanen nan ba su da ƙyanƙyami!"

Da muka shiga ramin Blackwall, hanyar mota da ta bi ta ƙarƙashin kogi, na riƙe sitiyari har yatsuna suka yi ciwo, ina ganin kamar madubin zai goge bango. Inna tana gefena tana jan carbi da sauri. A haka muka bar Landan a baya, gonakin alkama suka buɗe hagu da dama.

Ƙasar tana da kyau, ba zan ɓoye ba. Ƙananan ƙauyuka masu gidajen duwatsu, hanyoyi sirara da in wata mota ta taho sai ɗaya ta raɓe a jikin shinge, fadamu masu ciyawa kore shar har bakin ruwa. Mukan kwana a filayen da manoma suka ware wa irin motarmu, in jona wuta, in cika tanki da butarmu. Rana ta ƙi faɗuwa, Inna tana ta tambayata ko magariba ta manta da garin nan ne. Iska kuwa mai sanyi, har ta ce in wannan ce bazararsu to Allah ya raba mu da hunturunsu. Ta ci busasshen kifin da na sayo a wata 'yar rumfa, ta barbaɗa masa yajinta ta ce ba laifi. Ƙaguwa ce ta ce ba za ta ci ba ko a mafarki.

Sai dai tafiyar da na kawo ta ta yi, babu. Duk inda na tsaya na fito da ƙarfen, sai ta hango wani. Ga wani tsoho can da kare. Ga wasu can da madubin hangen nesa, ai ita suke kallo. Na ce Inna tsuntsu suke kallo. Ta ce haka za su ce mana. Kwana ya bi kwana, ina tura ta a keken guragun da muka taho da shi daga mota zuwa bakin ruwa, daga bakin ruwa zuwa mota, hutuna yana zurarewa.

Wata safiya na kasa riƙe bakina. Na duba gwiwar na lanƙwasa ta kaɗan, ta buge min hannu. Na miƙe har kaina ya bugi rufin motar.

"Inna, so kike a sauke ki a filin jirgin Kano a keken guragu? Shi ne ba abin kunya ba? Wallahi in kika ƙara wata guda a haka ba mai iya tayar da ke, ko ni ko likita!"

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Da ni kike?"

Ban taɓa ɗaga mata murya ba tun da nake. Na durƙusa a ɗan lungun da ke tsakanin gado da murhu na ce ta yi haƙuri da muryar, amma maganar ba zan janye ta ba. Ta juyar da kai taga. Can ta ce, "Ki kai ni inda ba kowa. Ba kowa nake nufi, ko kare. Sai in gwada."

Da hantsi muka isa wurin. Na faka motar a bayan tudun yashi, na gangara da ita ta wata shimfiɗar siminti da ake saukar da kwale-kwale. Na ɗaga ido ina neman teku, babu teku. Yashi ne kawai a shimfiɗe iya ganin ido, ruwan yana can nesa kamar zare. Inna ta gyara zama.

"Allahu akbar. Kogin Wudil da rani."

A can ta tashi kafin a kai ta birni. Ta ce haka yake zama sak, ruwa ya janye ya bar yashi, su je su tona da ƙoƙo su ɗebi na sha, jakuna suna ƙetarawa, masu albasa suna shuka a gefe. "Ruwa in ya janye haka," in ji ta, "shi ke nan kuma sai damina."

Ni na yi makaranta, na san an ce teku yana tafiya yana dawowa. Amma sanin littafi ne, mu mutanen Kano ina mu ina teku. Shekarun da na yi ina wucewa ta bakin kogi a Woolwich, in gan shi a cike da safe, da yamma ya koma taɓo, wallahi na ɗauka wata madatsa ce ake buɗewa ana rufewa, kamar yadda ake sako ruwan Tiga. A tunanina ko zai dawo sai can da yamma, kuma ta gabanmu zai taho a hankali muna kallonsa. Gaskiyar masu iya magana, rashin sani ya fi dare duhu.

Yashin yana da tauri kamar daɓe, keken yana tafiya sumul. Na rataya ƙarfen a bayansa, fulas ɗin shayi a cinyarta. Na yi nisa na tsaya, ta waiwaya ta hango mutane a bakin tudu ƙanana-ƙanana, ta ce ƙara gaba. Muka gangara wani ɗan kwari mai danshi muka haye, ta ce ƙara gaba. Murna nake, don rabon da in ji ta ba da umarni da irin wannan murya tun kafin aikin. Na yi ta turawa har motarmu ta koma kamar akwatin ashana.

Na kafa mata ƙarfen a gaba. Ta yi bisimilla, ta yunƙura, ta miƙe. Ta ɗaga ƙafar ta ajiye, ta sake, fuskarta ta yamutse. Sai ta koma ta zauna daɓas ta ce ya isa na yau, gobe ma rana ce. Na ciji leɓe na zuba mata shayi. Na ce a raina ba komai, ko kwana za mu yi a nan sai ta ƙara. Muka fuskanci teku, ta shiga ba ni labarin wata ƙawarta ta ƙuruciya da ta taɓa jefa kwallar kanwa a kogi saboda tsoron kada, tana yi tana dariya har da hawaye. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta ina sauraro, na manta da komai.

Sanyin da na ji a zanina ne ya sa na miƙe. Yashin da na zauna a kai ya jiƙe. Na dubi gaba, ruwan yana nan nesa, ya ɗan matso kawai. Sai na juya baya.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ɗan kwarin nan da muka haye ya zama kogi, ruwa yana gudu a cikinsa yana kumfa, yana faɗaɗa a idona. Ta baya ya zagayo mu, muna zaune a kan tsibiri ba mu sani ba. Na laluba jikina, wayata tana mota a caji. Na kama keken na juya shi, tayoyin sun nutse. Na ja da iya ƙarfina, ya ƙara shigewa. Yashin da ɗazu yake kamar daɓe ya koma kunu, Inna kuma ba ƙaramar mace ba ce. Na ɗauko ƙarfen na kafa, ƙafafunsa huɗu suka lume kamar an soka tsinke a tuwo.

"Ke, lafiya? Ruwan mene ne wancan?"

"Teku ne Inna, ya dawo."

"Ya dawo kamar yaya? Yanzu-yanzu?"

Ban tsaya bayani ba. Na cire mayafina na murɗe shi, na juya mata baya na durƙusa a gabanta. Ban san ko zan iya ba, ban ma tambayi kaina ba. Na ce, "Inna, hau."

"Me kike yi?"

"Goya ki zan yi. Ki riƙe wuyana, zan ɗaure ki da wannan."

Ina jin ruwa yana lasar yatsun ƙafata.

"Tashi min a gaba."

"Inna don Allah, ruwan nan ba ya jira."

"Na ce tashi! Ni za ki goya? A bayan da na wanke da hannuna?" Muryarta tana rawa, amma ba ta tsoro ba ce. "Ranar da za a ɗauke ni tana nan tafe, ba sai kin yi mata gaggawa ba. Kuma ko ranar ba ke za ki ɗauka ba, maza ne. Miƙo min kafaɗarki."

Na miƙe na tsaya a gefenta. Ta damƙi kafaɗata ta tashi, ta tattare zaninta da ɗaya hannun, ta cire takalmi ta bar su nan. Muka fara.

Duk kalmomin da nake faɗa wa marasa lafiya a asibiti sun gudu daga bakina. Ita ce ma take magana, ba kuma da ni ba, da gwiwar take. "Taka, 'yar banza. Taka. Ai don haka aka sa ki." In ta ɗora nauyi a kanta sai in ji farcenta ya shige min fata. Na so in ja ta da sauri, ta ce kada in kuskura in ja ta, ita ba akuya ba ce. Haka muka yi ta tafiya, ƙafa ɗaya ta bi ɗaya, ruwa yana bin diddigenmu.

A bakin kwarin ta tsaya. Gangare ne, kuma ba yadda za a sauke shi da miƙaƙƙiyar ƙafa. Na san haka, ita ma ta gane. Ta ce hasbunallahu wa ni'imal wakil, ta lanƙwasa gwiwar. Ƙarar da ta yi har yau tana kunnena. Muka shiga ruwan, sanyinsa kamar ƙanƙara, ya kai mana ƙwauri, ya kai gwiwa, yana fizgar zannuwanmu gefe. A tsakiya ƙafarta ta zame, na rungumo ƙugunta, muka yi tangal-tangal muka tsaya. Numfashinta yana fita da ƙyar. Na ce Inna saura kaɗan, alhali ba kaɗan ba ne. Ta ce, "Rufe min baki ki yi tafiya." Hawan ɗaya gefen ya fi saukar wuya, sai da ta lanƙwasa ta kuma lanƙwasawa, tana salati tana zagin gwiwar a numfashi guda.

Da muka fito kan yashi mai tauri na waiwaya. Keken yana can ruwa ya kai masa wurin zama, fulas ɗin yana yawo a gefensa. Gabana ya yanke ya faɗi. Ita ko waiwayawa ba ta yi ba.

Sauran tafiyar mai tsawo ce, kuma tun daga nesa na ga abin da ke jiranmu. Mutane sun taru a bakin shimfiɗar simintin, da yawa, da karnukansu da yaransu. Wasu suna ɗaga mana hannu, wata tana magana a waya tana nuno mu, wasu kuma sun ɗaga nasu wayoyin sama. Wani dattijo ya naɗe wando ya taho da gudu ya miƙa wa Inna hannu. Ta girgiza masa kai ta ce, "No, tankiyu." Ya koma gefe yana biye da mu a hankali.

Da muka matso har ana iya ganin fuskokinsu, sai ta tsaya cak. Na dube ta. Ba takalmi, zani a jiƙe ya manne mata, yashi har gwiwa, tabon aikin a waje kowa yana gani, ɗankwali ya zame ya bar furfura. Na ce a raina shi ke nan, yanzu za ta zube a nan ta ce a kawo mata abin zama, duk wahalar nan ta tashi a banza.

"Me suke kallo?"

"Ke suke kallo, Inna."

Ta yi ajiyar zuciya. "Gyara min ɗankwalina."

Na gyara, na kasa ɗaurin sai da na sake. Ta shafa ta ji ya zauna. Ta saki zanin ya sauka, ta ɗauke hannunta daga kafaɗata ta riƙe min yatsu biyu kawai.

"To su kalla."

Ta miƙe ƙirji ta nufi tsakiyarsu tana ɗingishi, suka dare gida biyu suka ba ta hanya. Ina gefenta ina kuka kamar ƙaramar yarinya, ban ko share ba. Ba ta tsaya ba sai da ta dafa ƙofar motar da hannunta, sannan ta ce in buɗe mata, ƙafarta ta yi sanyi.